Abin da Ruwa Ya Ci

A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani mai suna Malam Ya'u yana ginar rijiya don shayar da shanunsa kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu. Da ya kai zurfin kamar mita biyar sai abin haƙarsa ya doki ice. Ba saiwa ba ce, ba kuma kututture ba. Ice ne da hannun ɗan Adam ya sassaƙa. Da ya ga dama da ya fasa shi ya ci gaba da neman ruwansa, ko ya mayar da ƙasa ya koma gefe ya fara wata rijiyar. Bai yi haka ba, ya kai labari ga shugabannin gari.

A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, a ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tone wurin. Lebura hamsin suka yi mako biyu suna kwashe ƙasa. Abin da ya bayyana kwale-kwale ne mai tsawon mita 8.4 da faɗin rabin mita, wanda aka fafe daga ice guda na dangin maɗaci. Aka aika ɓarɓashinsa ɗakunan gwaji biyu a Jamus. Gwajin ya dogara ne da wani nau'in sinadarin kabon da kowane abu mai rai ke tarawa a jikinsa, wanda in abin ya mutu yake raguwa da rabi a kowace shekara 5,730. Duka ɗakunan biyu suka nuna cewa icen ya kai shekara 8,000.

Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, yana kuma cikin 'yan ƙalilan mafiya tsufa a duniya. Na Pesse da aka samu a Holan ya girme shi, amma tsawon wancan bai wuce mita uku ba. Ya girmi jirgin Fir'auna Khufu da aka binne kusa da dalar Giza da fiye da shekara 3,000. Yadda aka fiƙe goshinsa da bayansa ya nuna ba gwajin farko ba ne, mai sassaƙar gadon sana'ar ya yi. A lokacin Tafkin Chadi ƙaramin teku ne, gaɓarsa tana kaiwa har inda Bama take a yau. Yanzu kwale-kwalen yana ajiye a Damaturu.

Ni ba masanin tarihi ba ne. Kimiyyar kwamfuta na karanta, manhaja nake rubutawa, da ita nake ci da iyalina. A Danchadi aka haife ni, cikin ƙasar Bodinga, inda ruwa in ba na rijiya ba sai na damina. A jami'a abokai kan tsokane ni da cewa sunan garinmu ya yi kama da na mutanen tafki, amma ko kifi sai an kawo mana a kwando. Jirgin farko da yaron Danchadi ke jin labarinsa shi ne na Annabi Nuhu, a makarantar allo. Na Dufuna kuwa ban ji shi a aji ba, a intanet na ci karo da shi bayan na gama digiri. Tun daga nan na kamu da son labarin jiragen da suka nitse da masu tono su. Wasu na kallon ƙwallo in sun tashi aiki, ni wannan nake bi.

Abin da ya mayar da sha'awar magana mai nauyi shi ne ɗan wana. Yaro ne mai kai, yana ajin ƙarshe a sakandare. Duk Sallah in na je gida yakan manne mini da wayata, ni kuma in nuna masa abin da nake kallo. Ashe yana tarawa. Da lokacin cike takardar JAMB ya matso sai Yaya ya kira ni da dare, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, “Ɗanka ya ɗauko wata magana da ban gane ma kai ba. Wai karatun tonon jirage zai yi ƙarƙashin ruwa. Mu nan ina munka ga teku? Kai da kay yi boko, ka yi mai magana ya ɗauki irin naka.”

Yaya manomi ne, yana kuma ɗan taɓa sayar da albasa. Da ita ya riƙe karatuna bayan rasuwar mahaifinmu. Duk abin da zai zuba a karatun yaron nan daga gumin bayansa zai fito, kuma akwai ƙanne biyar a baya suna jiran layi. Saboda haka maganarsa ba ta jahilci ba ce. Ni kuma da na kunna wutar, ba ya yiwuwa in ce masa kawai a bar yaro ya bi abin da ransa ke so. Sai na roƙi mako biyu in zauna in auna abin kamar yadda nake auna aikin da wani zai ba ni: mene ne shi, me yake ci, me yake bayarwa.

Sana'ar ba ta tsufa ba. Kafin 1943, lokacin da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera tukunyar iskar da mai nutso ke goyawa a baya, masu shiga ƙasan teku galibi masu tsinkar soson teku ne da masu neman dukiya. Su kwaso abin da ya yi musu kyau, masani yana zaune a kan jirgi yana jira a miƙo masa. A 1960 wani ɗalibin Jami'ar Pennsylvania ta Amurka mai suna George Bass ya juya al'amarin. Ya koyi nutso cikin ɗan lokaci, ya sauka da kansa a gaɓar Gelidonya ta Turkiyya, zurfin kamar mita 27, kan wani jirgi da ya nitse wajen shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya auna, ya zana, ya rubuta inda kowane abu yake kafin a ɗaga shi, daidai yadda ake yi a tudu. Daga nan fannin ya zama karatu. Bass ya kafa cibiyar bincike, ya koyar a Jami'ar Texas A&M shekaru masu yawa, ya rasu a 2021.

Aikin da ya fi fito da darajar fannin shi ne na Uluburun, shi ma a Turkiyya. Wani mai tsinkar soso ya ga jirgin a 1982, aka yi ta tono daga 1984 zuwa 1994. Jirgin ya kwana sama da shekara 3,300 a ruwa. A cikinsa an samu tan goma na jan ƙarfe da tan ɗaya na kuza, wato daidai gwargwadon da ake haɗawa a yi tagulla. An samu hauren giwa, haƙoran dorina, ɓawon ƙwan jimina da baƙin icen Afirka. Jirgi ɗaya ya nuna yadda fatauci ya haɗa Masar da Sham da Girka da cikin Afirka, abin da rubutun sarakuna bai tsaya ya lissafa ba.

To amma dubi abin da aikin ya ci. Jirgin yana zurfin da ya haura mita 44. A kowane mita 10 da mutum ya sauka, nauyin da ke danna jikinsa yana ƙaruwa da kwatankwacin duk iskar da ke kanmu a tudu. Iskar naitirojin tana narkewa cikin jini. In ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa kamar lemon kwalbar da aka girgiza aka buɗe, abin da kan jawo shanyewar jiki ko ajali. Don haka kowane mai bincike minti ashirin kawai yake yi a ƙasa, sau biyu a rana. Sai da aka yi nutso sama da 22,000 kafin a gama. Shekara goma sha ɗaya a kan jirgi ɗaya.

Ɗaga abu daga ruwa ma ba shi ne ƙarshen wahala ba. Abin da ya sa ice ke daɗewa a cikin laka shi ne rashin iskar oksijin, ƙwayoyin da ke cin sa ba sa rayuwa a can. Amma ruwa ya riga ya maye gurbin ƙarfinsa. Ka fito da shi rana ya bushe, sai ya tsuke ya tsattsage ya zama gari. Dole a riƙa shayar da shi wani sinadari mai kama da kakin zuma har ya kori ruwan ya zauna a madadinsa. Jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa, wanda ya nitse a 1628 aka ɗago shi a 1961, shekara 17 aka yi ana fesa masa wannan sinadari. Ashe mai wannan karatu rabinsa mai nutso ne, rabinsa mai jinyar ruɓaɓɓen ice, sannan kullum marubuci ne.

A nan ne na ga inda aikinsu ya haɗu da nawa. Mai rubuta manhaja yakan gaji aikin da wani ya yi shekaru da suka wuce, ya tafi bai bar bayani ba. Sai ka zauna kana bin layi ɗaya bayan ɗaya kana tambaya: me ya sa ya sa wannan a nan, me yake tsoro da ya yi wancan? Karanta tunanin mutumin da ba ya nan, daga abin da hannunsa ya bari. Bambancin shi ne ni in na lalata abu ina da kwafi, in dawo da shi kamar ba a taɓa ba. Su ba su da kwafi. Tono rushewa ne. Da zarar ka ɗaga tulu daga inda ya kwanta shekara dubu, wurin ya tafi ke nan, sai abin da ka rubuta. Shi ya sa a yau kwamfuta ta shige tsakiyar aikin. Ana ja wa ƙasan ruwa na'ura mai aika sauti tana sauraron amsarsa, ta zana taswirar abin da ke kwance ko da ruwan ya yi duhu kamar kunu. Ana ɗaukar hotuna dubbai daga kowace kusurwa, manhaja ta nemo ɗigon da suka yi tarayya a kai, ta ɗinke su su zama siffar jirgin da za ka juya a fuskar waya ka auna.

Kai, tsohuwar na'urar lissafi mafi ban mamaki ma daga ƙasan teku ta fito. A 1901 masu tsinkar soso suka ɗago wani dunƙulen tagulla daga jirgin da ya nitse kusa da tsibirin Antikythera na Girka. Ana ganin tsatsa ce kawai. Bincike na shekaru, har da hoton da ke ratsa ƙarfe da aka yi a 2005, ya nuna cewa akwai ƙafafu masu haƙora guda 30 a ciki, irin na cikin agogo. Ana juya hannu, ta nuna inda rana da wata suke, ta faɗi lokacin husufi. Shekararta sama da 2,000. Wannan bidiyon ne na nuna wa yaron a wata Sallar layya, ina jin daga nan ya kamu.

Saura tambayar Yaya: ina muka ga teku? Amsar farko tana ƙarƙashin gonarsa. Miliyoyin shekaru da suka wuce wani hannun teku ya ratsa Sahara ya rufe ƙasar Sakkwato. Farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita a ƙasan wannan ruwa ta taru. A Dange, maƙwabtanmu, da Wurno ana samun ƙasusuwan halittun ruwa. Akwai wata dabbar teku da ta shuɗe wadda masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Wannan fannin daban ne, na masu nazarin halittun dauri, amma yana tuna mana cewa tudu da ruwa suna musayar wuri.

Amsa ta biyu ita ce gulabenmu. Daular Kabi a kan ruwa ta yi ƙarfi. Kanta ya gina Surame a ƙarni na 16 a kwarin gulbi, kuma masu ba da tarihi suna cewa yana da jirgi na musamman da aka lulluɓe da jan ƙarfe. Sarkawa har gobe suna da Sarkin Ruwa, a bikin Argungu kuma ana gasar nutso da tseren jirage. A 1806 jirgin Mungo Park, wanda ya haɗa daga kwale-kwale biyu ya sa masa suna Joliba, ya wuce Yauri ya makale a duwatsun Busa, nan shi da mutanensa suka halaka. Da Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 ya tattauna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kan inda Kwara ta nufa, har ya koma da taswira. A 1830 aka nuna wa Richard Lander da ƙaninsa wani littafin Park da aka tsira da shi a Busa, cike da jadawalin lissafin matuƙa jirgi. A 1857 jirgin tururi mai suna Dayspring, ɗauke da Baikie da Samuel Ajayi Crowther, ya fashe a dutse kusa da Jebba.

Sannan a 1968 aka kammala madatsar Kainji. Ruwa ya hau ya shanye tsohuwar Busa da tsibirin Foge da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane sama da 40,000. Kafin ruwan ya iso masana sun yi tonon gaggawa a wasu wurare, a Yelwa ma sun samo mutum-mutumin laka da suka haura shekara dubu. Abin da hannu bai kai gare shi ba yana can a ƙasan tafki: ganuwa, kasuwa, maƙabarta, mashigin jirage, da duwatsun da suka ci Joliba. Daga Danchadi zuwa can tafiyar wuni ɗaya ce ba ta cika ba.

Amsa ta uku ita ce tekun kanta. Nijeriya na da gaɓa mai tsawon kilomita 853. Ta Legas da Badagiri da Wida aka fitar da Hausawa masu yawa a jiragen bayi zuwa Bahia ta Barazil, inda suka yi ta tayar da bore tun daga 1807. Ba kowane jirgi ne ya isa ba. A 2015 aka tabbatar da gano São José kusa da Cape Town, wanda ya nitse a 1794 da mutane sama da 500 daga Mozambik a cikinsa, fiye da 200 suka mutu. A Senegal, Ibrahima Thiaw na Jami'ar Cheikh Anta Diop ya koyi nutso ya kuma horar da ɗalibansa suna bincike a kewayen tsibirin Gore. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta jirage miliyan uku ne kwance a ƙasan ruwayen duniya. Ta yi yarjejeniyar kare su a 2001, Nijeriya ta amince da ita tun 2005, tana cikin na farko-farko. Takarda tana nan. Masu sauka su yi aikin ake nema.

Wannan duk daɗin baki ne in ba a faɗi ɗacin ba. Hanyar doguwa ce. Digirin farko a fannin tonon kayan tarihi shekara huɗu ne, ana yi a Zariya da Ibadan da Nsukka da Jos. Huɗun nan a kan takarda ne, don yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Sai hidimar ƙasa. Sai digiri na biyu a ɓangaren ruwa, wanda sanannun makarantunsa suna Southampton ta Ingila, da Texas, da Flinders ta Ostareliya, da Iskandariyya ta Masar. Ɗan manomin albasa ba ya zuwa waɗannan sai da tallafin karatu, tallafin kuma gasa ce da duniya. Sai digiri na uku. In komai ya tafi daidai, shekara goma sha biyu. Bayan nan kujerun koyarwa kaɗan ne ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro fannin, albashin malamin jami'a a nan kuwa kowa ya san labarinsa. Yaron da ya bi hanyata zai iya fara kawo cefane gida kafin wannan ya kai rabin tafiya. Na faɗa wa ɗan wana wannan ƙarara, ban rage komai ba.

Amma rashin masana ma yana da kuɗinsa, mu muke biya. Mutum-mutumin lakar da dillalai ke kira na Sakkwato da na Katsina sun cika ɗakunan masu tara kayan tarihi a Turai. Masu haƙar dare suka tono su suka sayar, ba wanda ya rubuta zurfin da suke ko abin da ke gefensu. Kayan sun tsira, labarinsu ya mutu. Kwale-kwalen Dufuna ya tsallake wannan ne saboda abu biyu sun haɗu: mai rijiya mai amana, da masana a Maiduguri da za a iya kira. Rijiya nawa ake ginawa a ƙasar Sakkwato duk rani? In wani ya doki ice gobe a fadamar Shagari, wa zai kira?

Wanda ya fi kowa ƙin maganar ba Yaya ba ne, Inna ce. Ita ba kuɗi take ji ba. “Ruwa ba abokin wasa na ba,” haka ta ce, ta juya kai. Tana da hujja. A watan Afrilun 2022 jirgi ya kife a gulbin Shagari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. A watan Mayun 2023 wani ya sake kifewa a Dandeji, cikin ƙaramar hukumar Shagari, yara 15 da suka tafi neman icen girki suka rasu. A Mayun 2021 wani babban jirgi ya rabe biyu kusa da Wara a jihar Kebbi, gommai suka halaka. A wajenmu in ka ga mutum ya tuɓe riga ya yi nutso, gawa ake nema. Wannan ne hoton da ke idon Inna in an ce jikanta zai shiga ƙasan ruwa.

Ban yi mata gardama ba. Abin da na ce shi ne yaran da ruwa ke ci ba masu koyon ruwa ba ne, waɗanda aka ɗora a jirgi ne ba su iya iyo ba, ba rigar kariya, jirgin ya tsufa, lodi ya wuce kima. Na'urar da ke gano tsohon jirgi a ƙasan tafki ita ce ke gano kututturan da ke huda jiragen yau. Wanda ya san yadda aka fafe jirgi shekara dubu da suka wuce, ya san inda na yau ke fara tsagewa. Ilimin ruwa ɗaya ne, mun dai bar shi a hannun Sarkawa tsofaffi, ba mu rubuta ba, ba mu ƙara a kai ba. Inna ta yi shiru. Shirun tsohuwa ba amincewa ba ne, amma ba ta sake cewa a'a ba.

Da mako biyun suka cika na je gida muka zauna mu uku a zaure. Shawarar da na kawo ba ta ba kowa duk abin da yake so ba. Yaro zai nemi tonon kayan tarihi a Zariya, don sai an iya aikin a tudu ake kai shi ruwa. Kowane hutu zai zo wurina ya koyi rubuta manhaja, zanen taswira a kwamfuta da haɗa hotuna. Wannan sana'a ce da kanta, masu safiyo da masu gini da masu aikin noma suna biyan mai ita, kuma ita ce za ta sa a zaɓe shi in ya nemi tallafi a waje. Rabin kuɗin makaranta a wuyana. Ba zai shiga ruwa mai zurfi ba sai a hannun masu horarwa da takardar shaida. Kafin nan zai koyi iyo sosai, ya kuma zauna da masassaƙan jirgi a Yauri da Argungu ya rubuta yadda suke zaɓen ice, sunan kowane ƙarfen aikinsu, da yadda suke toshe tsaga, tun tsofaffin suna da rai. In ya kai shekarar ƙarshe ya ga hanyar ta toshe, yana da abin yi a hannu, ba a yi asara ba.

Yaron ya ce, “Baffa, to yaushe zan ga jirgin?” Na ce masa Bass yana da shekara ashirin da bakwai ya fara sauka, shi kuma sha bakwai gare shi. Yaya ya daɗe yana jan carbi. Daga baya ya ce, “Na ji. Amma in damina ta faɗi, gona ta riga jirgi.” Aka tashi a kan haka.

Kafin in koma na sa masa manhajar haɗa hotuna a waya na ce ya gwada da abin da ke gida. Ya zaɓi tsohon turmin Inna, wanda gindinsa ya fara cinyewa. Ya kewaye shi yana ɗauka har hoto sittin, kaji na gudu, ƙannensa na dariya. Da dare siffar ta fito, turmi yana juyawa a fuskar waya da duk tsagarsa da sawun gizagon masassaƙi. Ya kai wa Inna. Ta karɓa ta riƙe nesa da ido, ta sa yatsa ta juya shi sau biyu. Sai ta ce icen ƙirya ne, a kasuwar Bodinga aka sayo shi, masassaƙin kuma gurgu ne daga wajen Sifawa. Ta ce, “Shekarar da Shagari yah hau mulki anka kawo shi, ina da cikin ubanka.”

Yaron ya ɗauko littafinsa ya rubuta: turmi, ƙirya, Bodinga, 1979. Ya tambaye ta wa ya fara daka a ciki, ta gyara zama ta fara ba shi labari.